Ƙidayar Tana

Daga jami'ar Puno aka aiko ni
da shebur, da littafi, da jakunkunan leda goma sha biyu,
wai in auno lafiyar ƙasa
a gonar Sabina Ticona, can saman tafkin Titicaca,
inda iska kan yi wa baƙo rowar numfashi.

Na haƙa taku ɗaya, faɗi da zurfi,
na marmashe hoge a tafin hannu.
Tana biyu.
Ɗayar ma ba ta motsi.

Sabina ta leƙo ta ƙarƙashin malafa:
"Kan wannan aka biya maka kuɗin mota?
Kakata ba ta ƙirge, shinshinawa take yi."
Ta ɗebi ƙasa, ta kai hanci, ta watsar.
"Warin buhu," in ji ta.

Shekara ashirin tana ba gonar takin kanti,
kowace shuka sai ta nemi ƙari,
kamar bashin da ke haihuwa cikin dare.

Takardar hukuma ta ce: shekara uku
ba takin buhu, ba feshi,
sannan a buga hatimi, dankalinki ya yi daraja a birni.
Takardar ba ta faɗi abin da za a ɗora kan murhu ba
tsakanin yau da hatimin.

Shekarar fari dankali ya fito kamar ƙwan kurciya.
Tsutsa ta ɗau rabonta, jaura ta ɗau nata.
Hilario, ɗanta, ya ɗaure bargo
ya hau tsaunin ƙanƙara neman zinariya.
Ni kuwa na rubuta: tana biyar.
Na ji kunyar alƙalamina.

Ran Laraba muke makaranta a jikin katangar coci,
kowa bisa buhunsa, mata na kaɗi suna saurare.
Na nuna musu shingen leda, bai kai gwiwa ba,
don ƙwaron dankali ba ya tashi,
da ƙafa yake zuwa, da dare, kamar ɓarawon akuya.
Su kuma suka nuna mini ganye mai ƙamshi da ake shimfiɗa wa iri,
da kashin lama da ya yi wata shida kwance da toka,
da waken tudu, wanda in ya riga dankali shiga gona
yakan bar masa guzuri a ƙasa.
Na kai maganar ɗakin gwaji.
Wata uku na'ura tana nuƙu-nuƙu
kafin ta yarda da abin da tsohuwa ta faɗa a tsaye.

Wasiƙa bakwai na aika ma'aikata:
ku sayi na shekarun wahala, ku dafa wa 'yan makaranta,
kada a ce wa mai yunwa ya jira hatimi.
A ta bakwai wani ya zo, takalminsa fes.
Sabina ta dafa masa ƙananan nan, baƙi da ja.
Ya ci huɗu, ya goge yatsu, ya ce za a duba.

Wata takwas, sai ga mota.
Buhu arba'in ta ɗauka.
Kafin nan gida shida sun koma wa kanti,
ban ga laifinsu ba,
ciki ba ya karatun takarda.

Yau shekara uku.
Hatimi na kan teburin wani a Lima.
Hilario ya aiko da saƙo sau ɗaya, da rani.
Na durƙusa, na kafa shebur,
ƙasar ta buɗe ba gardama, baƙa, mai laushi.
Goma. Sha shida. Ashirin da uku,
suna murɗa jiki a kan ledata.

Na ɗago littafi in nuna mata.
Ba ta duba ba.
Ta ɗebi ƙasa, ta kai hanci,
ta daɗe.

Sannan ta zungure ni da sandarta:
"Ka gama? To, mayar da su.
Rana za ta kashe mini 'yan ƙwadago."